Motar Manase Tana Kan Jak

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe 6:30 na safe

Littafin waƙoƙin coci nake nema na ci karo da wannan littafin rubutu, ba a taɓa rubuta komai a cikinsa ba. Bari in riƙa rubutu a nan, tun da bakina ya gaji da cewa "babu labari".

Yau kwana uku da fitar mijina Manase da ƙanena Leki. Ranar Juma'a da sassafe suka tura kwalekwalen Leki mai inji, suka ce kafin rana ta yi sanyi suna gida. Jiya aka yi Lahadin yara, kuma gidanmu ne ke da ciyar da masu wa'azi. Pisila, matar Leki, ta yanka kaji ta kai a madadinmu. Ban tambaye ta ko abincin ya isa ba.

Motar tana nan tsakar gida yadda ya bar ta, a kan jak, babu tayar gaba ta dama. Niyyarsa ya canza mata boris, abin da taya ke juyawa a kansa. Ya kwance babban notin da ke riƙe da shaf, ƙarfen nan da ke juya taya, amma shaf ɗin ya ƙi fita saboda tsatsa. Ya zuba masa mai, ya ce a bar shi ya jiƙa, in ya dawo ya ƙarasa. Sifanunsa suna jere a kan buhu, daga ƙarami zuwa babba. Na rufe su da leda saboda raɓa.

Talata, 7 ga Mayu, ƙarfe 1:15 na rana

Jirgin sama ya zo daga New Zealand, ya yi ta kewaya ta yamma yana neman su. Duk mutanen garinmu 'Ohonua sun fito bakin hanya ana kallon sama. Ni ban ga abin kallo a sama ba. Tsofaffin masunta sun ce abin da ruwa ya ɗauka, wani lokaci can kudu yake dawo da shi, ƙarƙashin duwatsun Lakufa'anga. Motar coci ta kai ni sau biyu. Direban mutumin kirki ne, amma yana duba agogo.

Ina so in riƙa zuwa kullum, in tsaya iya son raina, ba wanda ke jirana da inji a kunne. Ga mota a gidana. Ƙafa ɗaya kawai ta rasa.

Laraba, 8 ga Mayu, ƙarfe 5:40 na yamma

Na yi ɓarna.

Shekara ashirin da biyu ina miƙa masa sifana, na ɗauka abin da ido ya gani hannu zai iya. Na ɗauko babbar guduma na daidaita bakin shaf ɗin. Bugu na farko na shaf ne. Na biyu ma haka. Daga nan ban san abin da nake bugu ba. Sai da ƙarfen ya zame ciki, gudumar ta daki iska, sannan na tsaya.

Ya fita, amma bakinsa ya baje kamar naman kaza. Na gwada notin, ya ƙi kamawa. Na sa sifana na matsa, ya shiga juyi biyu da rabi a karkace ya cije. Da na kwance shi, garin ƙarfe ya zubo min a tafin hannu.

Na mayar da gudumar inda take. Na share wurin. Ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe 11:00 na safe

Na je na kira Baba Sunia. Shekara talatin ya yi a ɗakin injin manyan jiragen ruwa, yanzu hannunsa rawa yake yi, ido ɗaya kuma ya yi yana. Ya tsuguna da ƙyar, ya shafa bakin shaf ɗin da babban yatsa.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

Na ce ni ce.

"Da me? Da gatari?"

"Da guduma."

"To ki ce min faɗa kuka yi da motar mana." Ya sake shafawa, yana ƙirga da farce. "Tiredin kika kashe, Kalo. Kin ga layin nan da noti ke bi yana shiga? Huɗu na baki sun mutu. Goma sha biyu na ciki suna da rai. Ai ko yaro ya san ana mayar da noti a baki kafin a buga, ko a sa katako."

"Ni ba yaro ba ce, Baba, shi ya sa ban sani ba."

Ya yi dariya har da tari. Rabon da wani ya yi dariya a gidan nan tun Juma'a.

Ya kira wani da ya sani a Nuku'alofa, babban birni. Babu irin shaf ɗin, sai an yi odarsa, jirgi ya kawo, mako shida in an yi sa'a. Na ce ba ni da mako shida. Ya ce, "Ina za ki?" Na sunkuya ina duba shaf ɗin.

Ya ɗauki gindin tayar zai sa mata boris a rumfarsa. Kafin ya tafi ya zaro wani ɗan magagari mai kusurwa uku daga aljihu, siriri kamar tsinken tsire.

"Hannuna ya sani, amma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Naki yana tsayawa, amma jahili ne. Sai mu haɗa."

Juma'a, 10 ga Mayu, ƙarfe 4:00 na yamma

Jirgin sama bai zo ba yau. Ɗan sanda ya zo da hularsa a hannu ya yi bayani mai tsawo, wai an dakatar da nema. Na ba shi ruwan kwakwa, na yi masa godiya, na koma gindin mota.

Asabar, 11 ga Mayu, ƙarfe 2:30 na rana

Na ɗora shaf ɗin a kan guntun iccen kwakwa don kada ya riƙa lilo. Da babban magagari na fara, ina cinye wurin da ya baje, ina juya shi kaɗan-kaɗan, har bakin ya koma kamar an fiƙe fensir. Baba Sunia yana zaune a kan bokiti yana ba da umarni.

"Gaba kawai ake turawa. Ba gogar kwakwa kike yi ba."

Sannan ɗan magagarin. Ana kwantar da kusurwarsa a cikin kwarin layi mai rai, a bi shi a hankali har a shiga wurin da ya mutu. Na yi awa uku, ban gama layi ɗaya ba. Yatsuna biyu sun yi bororo.

Pisila ta kawo rogo da ganyen gwaza da madarar kwakwa. Ta ce, "Yaya Kalo, ki ci ko loma biyu ce." Na ci uku don ta tafi da daɗin rai. Ƙaramin ɗanta yana ta tambayar ko babansa ya kama babban kifi ne shi ya sa ya daɗe.

Lahadi, 12 ga Mayu, ƙarfe 3:00 na rana

Ba a aiki ranar Lahadi. Na je coci, na dawo, na zauna ina kallon magagarin.

Ni dai cewa na yi kaji kowa ke kaiwa. Iyakar abin da na ce ke nan. Ban ambaci kifi ba sai da ya tambaye ni me nake so. Kuma da safen nan iskar ba ta

A'a. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Gobe layi na biyu.

Litinin, 13 ga Mayu, ƙarfe 6:10 na yamma

Gwaggo Losaline ta sauka a jirgin fito na rana, da ƙunshin tabarmin makoki har uku da baƙaƙen atamfofi. Ƙanwar mahaifin Manase ce, kuma a danginsu in ta yi magana an gama. Na shimfiɗa mata a kujera, na zauna a ƙasa.

Ta ce, "Kalolaine, kwana goma ke nan. Ba a barin mutum haka ba addu'a, ba taro, kamar wanda ba shi da kowa. Ranar Asabar za a kafa rumfa a tsakar gidan nan. A kawar da motar."

Na ce, "Gwaggo, ba ta turuwa. Ƙafa uku gare ta."

"Maza takwas za su ɗaga ta."

"Ba za a ɗaga ta ba. Da kanta za ta fita."

Matan da suka rako ta duk suka sunkuyar da kai. Ni ma ban san bakina zai iya haka ba. Ta daɗe tana kallon hannuna, baƙin mai har gwiwa.

"Sai yaushe?"

"In na gama."

"Na ba ki zuwa ƙarshen wata. Ni ma ba don daɗi na ɗauko tabarmin nan ba. A bayana ya girma."

Ta sauka a gidan fasto. Tabarmin ta bar su a ɗakina, a kan gado, ta gefensa. Na kwashe su na kai ɗakin ajiya.

Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe 12:20 na rana

Layi biyu sun fito. Na uku ya ƙi, a nan notin ya cije ranar Laraba, ƙarfen ya kwanta a kan ɗan'uwansa.

Baba Sunia ya ce magagari ya yi iyakarsa. Ya ce akwai dabarar da suke yi a jirgi in suna tsakiyar ruwa babu shago. A samo noti mai lafiya, a raba shi biyu da zarto, a haɗa ɓarin biyu a can ciki inda layi ke da rai, a matse, sannan a kwanto shi waje. Yana fitowa yana tayar da layin da ya kwanta.

"Daga waje noti baƙo ne, bai san hanya ba. Daga ciki kuwa ɗan gida ne."

Noti biyu muke bukata ke nan, ɗaya na yanka, ɗaya na ɗaurawa. Namu na riga na cinye bakinsa.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe 5:00 na yamma

Kwana biyu ina yawon matattun motoci da tsohon notin a aljihu. Ban san tsibirinmu 'Eua yana da gawar mota haka da yawa ba. Ta ƙauyen Tufuvai notinta ya yi ƙanƙanta. Ta bayan makaranta an riga an kwashe komai. Ta Houma ce ta yi, wata farar mota da aladu suka mayar ɗakin kwana. Mai ita ya ce in ɗauki abin da nake so in uwar aladun ta yarda. Ba ta yarda ba. Sai da ya jawo ta da kwakwa, na shiga da sifana da bututun ƙarfe.

Na so in kwance shaf ɗin gaba ɗaya in huta. Na ƙirga haƙoransa, ashirin da huɗu. Namu ashirin da shida. Na sake ƙirgawa sau biyu ko zai canza ra'ayi.

Noti biyu dai suna hannuna, kuma duk sun hau shaf ɗin ɗaya gefen motarmu lafiya lau.

A hanyar dawowa ana hango ruwa daga kan tudu. Na kalli ƙafata har na wuce wurin.

Juma'a, 17 ga Mayu, ƙarfe 1:00 na rana

Mako biyu.

Zarto ya karye a rabin noti. Na aro wani a wurin mai gyaran tankin ruwa. An raba.

Asabar, 18 ga Mayu, ƙarfe 4:45 na yamma

Ban jira Baba Sunia ba, kuma na ga sakamako. Na haɗa ɓarin biyu, na matse da filaya mai kullewa, na juya. Ashe na kifa ɓari ɗaya, layinsu bai haɗu ba. Na ji yana ci, na ɗauka aiki yake yi. Layi mai rai na karce, na biyar.

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba. Na lura tun ranar nan ban yi ba, kuma mutane sun lura. Jiya a shago wata ta ce da wata, "Ita dai mota," ta ɗauka ban ji ba.

Da Baba Sunia ya zo ya shafa, ya ce karcen bai yi zurfi ba, magagari zai share shi. Ya sa na haɗa ɓarin biyu a tafin hannu har suka zauna daidai, na ɗiga musu jan fentin farce a fuska ɗaya don kada in sake kifawa.

Ya ce, "Gaggawa ce ta kawo ki nan, kuma kina so ta fitar da ke. Ba ta aiki biyu."

Lahadi, 19 ga Mayu, ƙarfe 10:00 na safe

Lahadin iyaye maza. Ina jin waƙar daga nan. Ban je ba.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe 3:30 na yamma

Pisila ta shigo cikin baƙaƙen kaya, da tabarmar makoki ɗaure tun daga ƙirji, yadda al'adarmu take. Na ce ta je ta cire.

Ta ce, "Yarana suna tambaya kullum. Dole in ce musu wani abu, Yaya. Ba zan iya ta cewa gobe ba."

"Ki ce musu ba a sani ba. Gaskiyar ke nan."

"Ke da kika rasa mutum biyu, ya kamata a ce ke ce kika fara..."

"Ban rasa kowa ba. Wa ya nuna miki?"

Ta tsaya. Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta tattare tabarmar, ta durƙusa a cikin ƙura, ta ce, "Ina zan riƙe?"

Ta riƙe min shaf ɗin da tsumma kada ya juya. Muka haɗa ɓarin biyu, ja da ja, na matse, na ɗiga mai. Kwata na juyi waje, a koma baya, a goge garin ƙarfe, a ɗiga mai, a sake. Muka ci gaba haka har rana ta faɗa bayan bishiyar mangwaro. Baƙin mai ya ɓata mata tabarmar. Ta ce ba komai, dama ba ta kwalliya ba ce.

Laraba, 22 ga Mayu, ƙarfe 11:50 na safe

Ya fito. Notin da aka raba ya bi ta kan layi na huɗu, na uku, na biyu, ya faɗo a cinyata. Na mayar da shi ciki na sake fitowa da shi sau shida, kowane karo yana ƙara laushi.

Notin ɗaurawa ya kama juyi biyu da hannu, sannan ya tsaya. Baba Sunia ya ce kada in kuskura in sa sifana. Akwai sauran ƙaya a wani wuri, in nemo ta da farce.

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe 2:10 na rana

Ɗan sandan ya dawo, wannan karon da gudu, ba hula. Wani jirgin kamun kifi ya tsinci kwalekwale can kusa da tsibiran Fiji. Mutum ɗaya ne a ciki. Yana da rai, amma ba ya magana. Mutanen jirgin ba sa jin harshenmu. Suna hanyar Suva, babban birnin Fiji, tafiyar kwana biyu.

Pisila ta ce, "Ɗaya?"

Ya ce ɗaya.

Juma'a, 24 ga Mayu, ƙarfe 7:00 na safe

Na durƙusa zan yi addu'a, na rasa sunan da zan fara kira. Duk wanda na roƙa, na bar ɗaya a ruwa. Na tashi ban ce komai ba. Allah ya san abin da ke nan.

Juma'a, ƙarfe 5:20 na yamma

Pisila ba ta zo ba, ni ma ban je ba. Na hango ta tana shanya, ta hango ni, kowa ya juya.

Na sami ƙayar, a ƙasan layi na uku, inda ido ba ya kaiwa sai da madubi. Shafa huɗu da ɗan magagari.

Asabar, 25 ga Mayu, ƙarfe 4:00 na yamma

An turo hoto a wayar ɗan sanda. Ya tara mu a barandar fasto, ni da Pisila da Gwaggo. Mutum ne kwance a gadon asibiti, fuska duk ta ƙone ta saɓule, gemu ya rufe baki. Pisila ta kalla ta kalla, ta ce ba ta gane ba. Ni kallo ɗaya na yi. Akwai tsaga a kunnen hagu. Ni na yi masa ita da bawon kwakwa yana ɗan shekara biyar, aka yi min duka a kanta.

Na ce, "Leki ne."

Pisila ta zube tana godiya ga Ubangiji, sai ta ɗago ta gan ni, ta toshe bakinta da hannu biyu. Na ce ta yi godiyarta, abin godiya ne. Gwaggo ta tashi ta shiga ciki, ta jawo ƙofa a hankali.

Ƙanena yana da rai.

Ƙanena yana da rai. Na sake rubutawa don in ji shi.

Lahadi, 26 ga Mayu, ƙarfe 12:00 na rana

Na dafa doya ta mutum biyu. Hannu ne bai sani ba.

Litinin, 27 ga Mayu, ƙarfe 10:30 na safe

Ina gindin mota Gwaggo ta shigo ita kaɗai. Na yunƙura zan kawo kujera, ta ce in zauna. Ta sauka a ƙasa kusa da ni, a kan buhun sifanu. Ban taɓa ganin ta zauna ƙasa a gidan ɗan ɗan'uwanta ba.

Ta ce, "Saura me?"

Na ce saura in ga noti ya shiga da hannu har ƙarshe.

"To sa mu gani."

Na goge layin, na ɗiga mai, na ɗora notin da yatsu uku. Juyi ɗaya, biyu, uku. Ya wuce inda yake tsayawa. Na ci gaba, yana tafiya kamar bai taɓa sanin guduma ba, har ya kai ƙarshe ya zauna.

A nan kukan ya zo min. Ban san daga ina ba. Na kifa goshina a jikin motar, Gwaggo ta riƙe min wuya ta baya da hannunta mai nauyi, ba ta ce in yi haƙuri ba. Mun daɗe. Da na lafa ta share fuskarta da gefen mayafi, ta ce, "Tun yana yaro Manase ba ya gama aiki rana ɗaya. Ki gama masa. Rumfa ta jira."

Talata, 28 ga Mayu, ƙarfe 3:15 na yamma

Baba Sunia ya kawo gindin tayar da sabon boris a ciki. Na goge haƙoran shaf ɗin da burushin ƙarfe, na shafa giris, ya shige ba gardama. Na mayar da komai yadda aka kwance, yana bi da yatsa yana duba kowane noti. Muka sa taya, muka sauke jak. Kwana ashirin da shida tana tsaye da ƙafa uku.

Saura ɗaure babban notin. Ba mu da sifana mai awo. Ya zura bututun ƙarfe a hannun sifanar, ya ce, "Nauyinki nawa?"

"Baba, ana tambayar mace haka?"

"Injiniya yana tambaya. Da ne da na ce casa'in, amma watan nan kin zube."

Na ce tamanin. Ya auna taƙi ɗaya da rabi daga notin, ya ɗaura tsumma a wurin. "Hau nan. Ki tsaya kawai, ban da tsalle. In kika yi tsalle mu koma Houma wurin uwar aladu."

Pisila ta taka birki, na dafa motar na hau. Bututun ya sauka a hankali, ya sauka, ya tsaya da ni a kai. Ina jiran in ji ya zame. Bai zame ba. Na sa cizal na lanƙwasa leɓen notin cikin tsagar shaf don kada ya kwance. Bugu biyu, ƙanana. Baba Sunia ya ce, "Ashe kin san ana buga guduma a hankali."

Na miƙa masa magagarinsa. Ya ce in riƙe, hannunsa ya gama da shi.

Laraba, 29 ga Mayu, ƙarfe 9:00 na safe

Batir ya yi sanyi, sai da aka ba ta wuta daga motar coci. Ta tashi. Na sa giya, ta fita ta ƙofar gida da ƙafarta. Na je har Tufuvai na dawo, tagar a buɗe, ina saurare. Babu ƙara, babu kaɗawa. Na taɓa notin, bai yi zafi ba.

Ban je kudu ba. Babu abin da zan nema a can.

Kafin in dawo maza sun fara kafa rumfa. Inda motar ta tsaya ciyawa ta yi fari. Na shiga ɗakin ajiya na fito da tabarmin.

Asabar, 1 ga Yuni, ƙarfe 1:40 na rana

An ce Leki ya fara cin abinci, yana tafiya da sanda. Laraba zai iso. Fasto ya ce motar coci za ta ɗauko shi. Na ce a'a, na gode.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe 6:00 na yamma

Mutum biyu suka sauko da shi daga jirgin. Wandonsa da igiya aka ɗaure. Pisila da yaran suka rufe shi, na tsaya jikin mota na bar su. Da suka ƙaraso, Pisila ta buɗe masa baya. Sai ya zagayo ya buɗe gaba, ya zauna kusa da ni. Tun da ya yi hankali bai taɓa zama kusa da ni haka ba, a al'adarmu ɗa namiji ba ya haɗa wurin zama da 'yar'uwarsa.

Mun hau tudu ya ce, "Yaya, tsaya."

Na tsaya a gefen gonar rogo. Pisila ta fita da yaran, wai za su tsinko gwaiba.

Ya ce, "Kwana goma sha huɗu muna tare." Muryarsa kamar ta tsoho. Ya faɗa min duka, yana kallon gilashi, tun daga mutuwar inji har zuwa safiyar da ya farka shi kaɗai yake numfashi, da abin da ya yi bayan nan da hannunsa, da addu'ar da ya iya tunawa. Na bar shi ya kai ƙarshe. Ba zan rubuta a nan ba. Ina da tambaya ɗaya, na haɗiye ta. Kayan da ke kansa sun ishe shi.

Da muka iso ƙofar gida, ya ga rumfa, ya ga dangin Manase jere cikin baƙi, ya kasa fita. Ya riƙe murfin motar ta ciki.

"Me zan ce musu? Ni na dawo."

Na kashe inji, na zagaya, na buɗe. Na ce, "Ba za ka ce komai ba. Kama kafaɗata."

Ya ce, "Yaya, mutane."

"Su kalla."

Ya kama. Bai kai nauyin buhun rogo ba. Muka ratsa tsakiyar taron a hankali, ni da shi, har gaban Gwaggo. Ya saki sandar zai durƙusa, ta riga shi, ta miƙe ta tare shi da ƙirjinta.

Alhamis, 6 ga Yuni, ƙarfe 6:15 na safe

Jirgin ƙarfe goma zai kawo masu ta'aziyya daga tsibiran Ha'apai, su goma sha tara da kayansu. Sawu huɗu ke nan. Sannan itace, sannan kujerun coci. Na duba mai, na duba ruwa. Bari in ɗaura tabarmar makokina in fita.